Idon Da Ba Ya Barci: Yadda Wayar Aljihu Ke Tona Ɓoyayyiyar Kyamara A Ɗakin Baƙo

Daga Wakilinmu

DUK wanda ya saba bin hanyar kudancin Jihar Kano ya san Kwanar Ɗangora, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙiru, inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Zariya da Kaduna, ɗaya kuwa ta karkata ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa Dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos. Tun shekarun da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka addabi dajin nan, musamman wajen 2015, matafiya da yawa suka ɗauki al'adar cewa in magariba ta riske su kafin su kai bakin daji, to, gara su nemi wurin kwana su jira wayewar gari.

Ba masu wucewa kaɗai ba ne baƙin wannan yanki. Akwai fataken shinkafa da ke sauka Tudun Wada, da masu harkar ma'adinai da ke zuwa Riruwai, inda ake haƙar kuza tun zamanin Turawa. A ƙasar Bebeji akwai masu zuwa buɗe ido madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga kuma ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, maza da mata daga kowane sashe na ƙasar nan. Ƙara da 'yan hidimar ƙasa, da malaman asibiti da na makaranta da ake canja wa wurin aiki. Kowannensu yakan wayi gari wata rana a ɗakin da ba shi ya gina ba, ba shi ya shirya kayan cikinsa ba. Ya tura ƙofa, ya sa sakata, ya tuɓe, ya kwanta, zuciyarsa ta ba shi cewa daga shi sai Mahaliccinsa.

A da haka abin yake. Mai leƙe sai ya zo da ƙafarsa, ya sa ido a kafar ƙofa, kuma tarinsa ko motsin takalminsa kan tona shi. Yau kuwa mai leƙe ba ya bukatar zuwa. Kyamarar da ƙwayar idonta ba ta fi kan allura ba tana iya zama cikin kan caja, ko agogon bango, ko ƙwan lantarki, ko soket, ta yi ta ɗauka dare da rana, mai ita yana wani gari.

Wannan rubutu ba tuhuma ba ce ga wani masauki ko wani mai gidan haya a waɗannan garuruwa. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, kayan nan sun yi arha, sun kuma yi sauƙin samu a kasuwannin kayan lantarki da ta intanet, kuma abin da ya shigo Kano ba ya daɗewa bai kai ƙauye ba.

Mutanen jihar nan ba baƙi ba ne ga ƙarfin hoton da aka ɗauka a asirce. A watan Oktoba na 2018 jaridar Daily Nigerian, wadda Malam Jaafar Jaafar ke bugawa a intanet, ta saki wasu hotunan bidiyo da aka ce an ɗauka da ɓoyayyiyar kyamara, inda aka zargi Gwamnan wancan lokaci, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, da karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, Majalisar Dokokin Jiha ta kafa kwamitin bincike, magana kuma ta dangana da kotu. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya yanke hukunci a kai. Amma daga wannan lokaci ne talaka a rumfar mai shayi ya gane cewa ashe ana iya ɗaukar mutum a cikin ɗaki bai sani ba. Kafin nan, a 2007, hoton tsiraicin wata 'yar wasan fim da aka ɗauka da wayar salula ya bazu daga waya zuwa waya a Kano, har aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni. Wancan ba ɓoyayyiyar kyamara ba ce, amma ya nuna abu guda: hoto in ya fita, ba mai iya kiransa ya dawo, kuma mace ce ke ɗaukar kaya mafi nauyi.

A ƙasashen waje abin ya wuce nan. A Koriya ta Kudu, cikin 2018, dubban mata suka yi ta fitowa zanga-zanga a birnin Seoul saboda kyamarorin da ake ɓoyewa a bayin jama'a da ɗakunan canza tufafi. A watan Maris na 2019 'yan sandan ƙasar suka bayyana cewa sun kama wasu mutane da suka ɗauki baƙi kimanin 1,600 a ɗakuna 42 na ƙananan otal 30 a garuruwa 10, suna nuna su kai tsaye ga masu biyan kuɗi a intanet. An ɓoye kyamarorin ne cikin akwatin da ke kawo tashoshin talabijin, da soket na bango, da maratayin na'urar busar da gashi. 

Hasken da ido ba ya gani

To, ta yaya wayar hannu za ta ga abin da idon mai ita bai gani ba? Amsar tana komawa shekara ta 1800, lokacin da wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru maimakon ya ragu. Nan ya gane akwai wani haske a wurin wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. Shi ne Turawa ke kira infirared, watau na ƙasa da ja. A nan za mu kira shi ɓoyayyen haske.

Masana suna auna haske da tsawon zangonsa, da wani ma'auni da ake kira nanomita, watau mita ɗaya a raba ta kashi biliyan. Idonmu yana gani daga wajen 400 zuwa wajen 700. Abin da ya haura nan duhu ne a wurinmu. Amma farantin silikon da ke karɓar haske a cikin kyamara yana ji har wajen 1,100. Wannan rata da ke tsakanin ido da kyamara ita ce masu ƙera kyamarar dare suka shiga. Kyamara ba ta gani cikin duhu tsantsa, kamar yadda mu ma ba ma gani. Saboda haka sai a kewaye ta da 'yan ƙananan fitilu masu ba da ɓoyayyen haske, galibi a 850 ko 940. Ɗakin da kake ganin ya yi baƙi ƙirin, a wurinta tamkar an kunna tocila ne. Na 850 in ka matsa kusa ka zura ido za ka iya hango ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na 940 kuwa ko alama ba ka gani.

Ga inda dabarar take. Kyamarar wayarka ita ma da silikon aka yi ta, don haka 'yar'uwar waccan ce, tana ganin fitilar da waccan ta kunna. Sai dai masu ƙera waya sukan sa wani ɗan gilashi a gaban farantin wanda ke tace ɓoyayyen haske don kada ya ɓata launin hoto. A wasu wayoyin matacin yana da ƙarfi ƙwarai, a wasu yana yoyo. Sau da yawa kyamarar gaba, wadda ake ɗaukar kai da ita, ta fi ta baya yoyo. Abin mamaki kuma, ƙaramar waya mai arha takan fi mai tsada amfani a wannan aiki, saboda matacinta bai kai na mai tsada kyau ba.

Saboda haka kafin mutum ya dogara da wayarsa, lalle ya jarraba ta. Rimot na talabijin ko na fanka ya isa, domin da ɓoyayyen haske yake aika umarni. Ka buɗe kyamara, ka juyo bakin rimot gare ta, ka danna kowane maɓalli. In ka ga wani haske fari ko shuɗi mai ja-ja yana ƙyaftawa a fuskar wayar, alhali idonka bai ga komai a bakin rimot ba, to, wannan kyamarar ta ci jarrabawa. In ba ka gani ba, ka juya zuwa ta gaba. In duka biyun sun ƙi, ka ari ta wani.

Na yi wannan gwaji da wayoyi uku a gidan wani ɗan'uwana a Tudun Wada. Tawa ta baya ba ta nuna komai ba, ta gaba ta nuna ɗan ɗigo. Tsohuwar wayar uwargidansa kuwa, wadda gilashinta ya tsage, sai da yara suka yi ihu don yadda hasken ya fito ɓaro-ɓaro. Da dare kuma na tsaya nesa kaɗan da wani shago a Kwanar Ɗangora wanda ya kafa kyamarar tsaro a fili sama da ƙofarsa. Da ido, ɗan ja-ja kawai na hango. A fuskar waya sai ga zobe na fitilu jere, yana haskawa kamar an ɗaura wa bangon ƙaramin wata. Duk mai son ya san abin da zai nema a ɗaki, ya fara da kallon irin wannan, don idonsa ya saba.

A cikin ɗaki

In baƙo ya shiga masauki, sai ya rufe ƙofa, ya saki labule, ya kashe fitila da talabijin, ya toshe duk inda haske ke shigowa. Wannan shi ne sharaɗi mafi girma, domin yawancin kyamarorin dare ba sa kunna fitilunsu sai sun ji duhu ya yi. Ya ɗan dakata minti ɗaya ko biyu. Wani lokaci ma, in wurin shiru ne, ana iya jin ɗan ƙara "ƙyas" sa'ad da kyamarar ta juya zuwa aikin dare. Sa'an nan ya buɗe kyamarar wayarsa, ya tabbata fitilar wayar a kashe take, ya rage hasken fuskarta, ya bi ɗakin sannu a hankali.

Kada ya yi ta wulwula waya sama da ƙasa kamar mai korar sauro. Ya zauna a bakin gado ya tambayi kansa: in ni ne mai leƙen, ina zan ajiye ido don in ga gadon nan, in ga ƙofar bayi? Abin da ke fuskantar gado shi ne abin dubawa: agogo, talabijin da akwatinsa, soket, kan cajar da aka tarar a maƙale ba a san mai ita ba, ƙwan lantarki, ramin silin, saman kabad, tukunyar furen roba, da kafofin na'urar sanyaya ɗaki. Ya matsa kusa, kamar taku ɗaya ko biyu, domin ƙananan fitilu ba sa nunawa daga nesa. Ya fi kyau ya ɗauki bidiyo yana tafiya, daga baya ya zauna ya kalla a natse.

Amma fa a yi hattara da gaggawar zargi. Ni kaina na kusa jin kunya. A wani masauki da na kwana kan wannan hanya, ina cikin dubawa sai na ga wani ɗigo yana ƙyaftawa daga kan tebur. Gabana ya faɗi, har na fara shirya maganar da zan gaya wa yaron da ya ba ni mabuɗi. Da na kunna fitila, ashe rimot na fanka ne jakata ta danne wa maɓalli. Ban da rimot, wayoyin da ke buɗewa da fuskar mai su su ma suna fitar da irin wannan haske. Fitilar nan ja ko kore da ke jikin talabijin da caja kuwa, wadda ido ke gani sarai, alama ce kawai ta cewa akwai wuta. Abin tuhuma shi ne hasken da waya ta gani ido bai gani ba, wanda ke tsaye wuri guda, yana fitowa daga abin da ba shi da dalilin yin haske.

Inda dabarar ta gaza

A nan ne nake ganin masu yaɗa wannan dabara a Facebook da WhatsApp suke cutar jama'a ba da niyya ba, domin suna nuna ta kamar maganin kowace cuta. Ganin haske shaida ce. Rashin ganinsa ba shaidar komai ba ne. Kyamarori da yawa, musamman 'yan mitsi-mitsin da ake sa wa cikin biro ko maɓallin riga ko kan caja, ba su da fitilar dare ko kaɗan. Wasu suna da ita amma mai su ya kashe. Irin waɗannan ko ka kwana kana haska waya ba za su nuna kansu ba.

Abin da ya fi wannan damuwa shi ne, wuraren da mata suka fi shiga haɗari ba masu duhu ba ne. Ɗakin gwada kaya a shagon tela, gidan gyaran jikin amare inda ake dilka da halawa, wurin ƙunshi da kitso, banɗakin makaranta ko na tasha, duk da rana ake shigarsu ko da fitila a kunne. A irin wannan wuri kyamara ba ta bukatar ɓoyayyen haske, saboda haka waya ba ta da abin da za ta kama. Amaryar da ta ɗaga waya ta duba ɗakin gyaran jiki da tsakar rana, ba ta ga komai ba, ta saki jiki, ba ta tsira daga komai ba.

Abin da ke taimakawa a nan shi ne tocila. Kowace kyamara, komai ƙanƙantarta, dole ta bar ƙwayar idonta a buɗe, kuma gilashin nan yakan maido da haske ta hanyar da ya zo, kamar yadda idon kyanwa ke yi in fitilar mota ta haske shi. Sai a riƙe tocilar waya dab da ido, kusa da kunci, a bi wuraren da ake zargi a hankali. Wasu sukan naɗe takarda kamar bututu su leƙa ta ciki da ido ɗaya. Ɗan ƙyalli mai shuɗi ko kore daga cikin wani ƙaramin rami, wanda ke ɓacewa in ka gusa gefe, ya cancanci a matsa a duba. Madubi kuma, maimakon gwajin ɗora farce da ake yawan faɗa, wanda ba abin dogaro ba ne, gara a kashe fitila a manna tocila a jikinsa. In akwai fili a bayansa, zai bayyana.

Kan wannan hanya ta ƙyallin gilashi ne masu bincike na Jami'ar Ƙasa ta Singafo da Jami'ar Yonsei ta Koriya suka gina wata manhaja a 2021, wadda ke aiki da na'urar auna nisa da ke cikin wasu manyan wayoyi. A gwajinsu ta gano kusan kashi 89 cikin 100 na kyamarorin da aka ɓoye, ido tsirara kuwa kashi 46. Sai dai irin waɗannan wayoyi ba su ne a hannun yawancin mutanenmu ba. Akwai kuma manhajoji irin su Fing, masu lissafa duk na'urorin da ke kan waifai na gida. Amfaninsu kaɗan ne a yankin da muke magana, inda ba kowane masauki ke ba da waifai ba, kuma kyamarar da ke tara hotunanta cikin memori, ko mai layin waya nata na kanta, ba za ta fito a lissafin ba. Kada kuma wani ya ce ai an ɗauke wuta, don haka ba komai. Da yawansu da batir suke aiki.

In an samu fa?

Abu na farko, kada a fasa, kada a cire, kada a jefa a masai don fushi. Wanda ya yi haka ya lalata shaidarsa da hannunsa, ya kuma ba mai laifi damar cewa sharri aka yi masa. A ɗauki hoton abin a inda yake, a ɗauki bidiyon hasken, a rufe shi da tsumma ko hula, a kira mutum ɗaya ko biyu masu hankali su gani, sa'an nan a kai magana ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumar. Mace in ita kaɗai ce, ta fara fita daga ɗakin zuwa inda jama'a suke kafin ta yi wa kowa magana, domin ba ta san wanda ya kafa ba. Kada a tara matasa a ƙofar gida, kada kuma a riga hukuma zuwa intanet da sunan wuri. Mai yiwuwa mai masaukin bai san da ita ba. Wani baƙo da ya riga ka kwana, ko wani ma'aikaci, na iya zama mai aikin.

Doka tana bayan wanda aka leƙa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da na gidansa da na saƙonninsa. Akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da ta shafi mai amfani da irin waɗannan hotuna don tsoratarwa ko karɓar kuɗi, da kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Ta fuskar addini kuwa ba sai an faɗa wa mutumin Kano ba: aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta shimfiɗa ladabin neman izini kafin shiga gidan wani. Wannan ya haɗa da maigidan da ke tunanin kafa wa iyalinsa ido a ɗaki ba da saninsu ba, da mai gidan hayar da ke cewa ai ginin nasa ne.

Ba wanda ke faɗa da kyamarar tsaro da aka kafa a fili. Mai shagon shinkafa a Tudun Wada, da mai gidan mai a bakin hanya, da mai otal da ya sa ta a ƙofar shiga da farfajiya, duk suna da hujja, musamman a yankin da ya ɗanɗana rashin tsaro. Iyakar ita ce ƙofar ɗakin kwana da ta bayi. Kamfanin Airbnb, wanda ke haɗa matafiya da masu ba da hayar ɗaki a duniya, a da yana yarda da kyamara a falo in an sanar da baƙo, amma daga 30 ga Afrilu 2024 ya haramta ta a ko'ina cikin gida. Hukumomin da ke ba masaukai lasisi a jihar nan za su iya sa irin wannan sharaɗi a rubuce, su kuma haɗa da gidajen gyaran amare da shagunan ɗinki, a riƙa dubawa kamar yadda duba-gari ke duba tsabta.

Kafin a kai ga haka, duk binciken da muka bayyana bai wuce minti biyar ba, kuma ba ya cin ko kwabo. Abin da baƙo bai gamsu da shi ba, ko da bai ga haske ko ƙyalli a jikinsa ba, yana iya zare shi daga soket, ko ya juya fuskarsa bango, ko ya yafa masa rawani har gari ya waye. Ni dai a daren da rimot ya ba ni tsoro, agogon da ke fuskantar gadon a cikin kabad ya kwana, da safe na mayar da shi kan ƙusarsa kafin in miƙa mabuɗi.